Ɗorawa Uku a Gonar Kawu

Abin da Inna ta gada daga mahaifinta ɗorawa uku ne, kuma a cikin gonar da ba tata ba suke tsaye. In na faɗa wa mutanen birni haka sai su yi ta mamaki, amma a garinmu, can tsakanin Bungudu da duwatsun Kwatarkwashi, ba abin mamaki ba ne. Ƙasa da mai ita, itace da mai shi. Da kakanmu ya rasu 'ya'ya biyu ya bari, Kawu da ƙanwarsa Inna. Dattawa suka ce kada a tsaga gonar bayan gari, don in aka tsaga ta babu wanda za ta ciyar. Aka tambayi Inna ko za ta karɓi ɗorawan da ke ciki a madadin rabonta, ta ce ta karɓa. A lokacin gani take ta more, tunda ɗorawa ba ta neman huɗa, ba ta neman taki, kuma ko ruwa ya yi jinkiri ba ta fasa haihuwa.

Da mahaifinmu ya rasu muka dawo garin su Inna, ɗorawan nan ne suka riƙe mu. Duk bazara sai ta sa a kaɗo mata 'ya'yan da doguwar gora mai ƙugiya. Mu ɓare, mu sha garin har bakinmu ya koma rawaya, ita kuma ta tara kalwa, wato ƙwayar da ke ciki. Ta dafa ta yini guda, ta surfa da toka, ta wanke, ta sake dafawa, sannan ta rufe da ganye a kwando har ta nuna ta zama daddawa. Ɓawon ma ba a zubarwa, shi ne makubar da ake daɓen ɗaki da ita. Na sha tsokana a makaranta kan warin daddawa a hijabina, na kuma sha dambe a kai, don tun ina yarinya ba a taka ni in yi shiru. Da wannan warin na yi karatu har na zama malamar makaranta a Gusau.

Akwai abu ɗaya da Inna ba ta taɓa fasawa ba. Daddawar farko ta kowace shekara ba ta shiga kasuwa, ba ta kuma shiga tukunyarmu. Sai ta zaɓi mafi kyau ta jera a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta miƙo mini in kai gidan Kawu. Haƙƙin ƙasa take kiranta. Babu alƙalin da ya ɗora mata, babu malamin da ya ce wajibi ne. Cewa take itace ba ya tsayawa a sama, kuma ƙasar da ta riƙe saiwar ta yayanta ce. Ko bayan na fara aiki, sai ta jira ranar da na zo gida, don ta ce ƙafata ce ta saba da hanyar.

Dole in yi wa Kawu adalci, duk da raina bai so. Ɗorawa tana da inuwa mai nauyi, geron da ya fito a ƙarƙashinta ba ya kai ƙugu. Shekara da shekaru yana asarar wannan fili, bai taɓa buɗe baki ya yi ƙorafi ba. A gindinsu yake ɗaure jakinsa, a nan 'yan gayya suke shan fura, wani maƙwabcinmu kuma yana rataya amya a rassan, in ya ɗebi zuma ya kawo wa Inna, ya kai wa Kawu. Shi Kawu nasa itatuwan gawo ne, manya, a warwatse cikin gonar. Gawo kuwa kowa ya san halinsa: da damina yake zubar da ganye ya bar wa shuka rana, da rani ya yi inuwa dabbobi su taru su bar taki. Ko makaho ya shiga gonar da kaka zai san inda gawo yake, don a nan zangarniya ta fi kauri.

Sai zamani ya juya. Babbar gonar Kawu ta cikin daji ta gagari zuwa, tun da hanyar ta zama ta sai wanda ya yi sallama da iyalinsa. Aka koma kan gonar bayan gari ita kaɗai, ana noma ta shekara bayan shekara babu hutu, har ƙasar ta gaji ta yi fari. Takin zamani ya fi ƙarfin talaka. Kawu ya rame, ya zama mai saurin fushi, rumbunsa ba ya kai shi ko tsakiyar damina.

Ɗansa, taubashina, yana kabu-kabu da babur a Tsafe. Shi ne ya zo da labarin wani kamfani da ya kafa wurin rainon dashe a bakin titi, yana neman manoman da za su ba da gonakinsu a dasa bini da zugu. Wai 'ya'yansa za a matse a sami man da manyan motoci da injuna ke sha. Kamfani zai kawo tarakta da dashe, ya kuma saye duk abin da aka tsinka. Da na ji sai na yi dariya, na ce masa dama kan taubashina bai taɓa zama daidai ba, yanzu kuma ya tashi noman makabarta. Don mu abin da muka san bini da zugu da shi ke nan: shingen makabarta da iyakar gona, saboda ko akuya ba ta cinsa. Mun dai san yana da mai, tunda muna yara mukan soke 'ya'yan a tsinke mu kunna su kamar fitila. Shi ma taubashin nawa ya rama, ya ce malaman makaranta sun saba koyar da abin da ba su taɓa shukawa ba. Ban san wannan ce tsokanarmu ta ƙarshe ba.

Wata ranar Asabar da na zo gida, da hantsi, Kawu ya yi sallama ya shigo. Bai zauna a tabarmar da Inna ta shimfiɗa masa ba, a kan turmi ya zauna. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi maganar tsadar hatsi, ya yi maganar gonar daji, ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Can ya ce ya amince wa kamfani, kuma tarakta ba ta aiki a gona mai itatuwa, shi ma bini da zugun ba ya son inuwa. Zai sare gawonsa duka. Yana roƙon Inna ta bari a sare ɗorawan, in an fara sayar da 'ya'ya zai riƙa ba ta kaso.

Inna tana tsintar wake a faifai, ba ta ɗago ba.

"Yaya, ran da anka raba gado, mi anka ba ni?"

"Ɗorawa."

"To in ka sare su, ina gadona?"

Ya ce ai ga kaso ya faɗa mata. Ta ce ita ba ta gaji kaso ba, kuma abin da akuya ta ƙi ba shi zai riƙe ta ba. Ya ce shekara nawa yana ciyar da itatuwanta da ƙasarsa. A nan ne na sa baki, na ce in haka ne a dawo mata da rabonta na ƙasa, a ga ko kamfanin zai so ragowar. Inna ta daka mini tsawa, ta ce ba a haife ni ba aka yi rabon, in kama bakina. Kawu ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya fita, ko ruwan da aka kawo masa bai taɓa ba.

Da na koma Gusau ban iya zama ba. Na tambaya aka nuna mini ofishin kamfanin, ɗaki biyu a saman wani shago. Wani matashi mai ladabi ya saurare ni har na gama huci. Ya ce man ƙasa haƙo shi ake, wata rana zai ƙare, wannan kuwa shukawa ake, kuma suna neman ƙasar da ta gaji ne, wadda hatsi ya daina yi. Ban ga ƙarya a fuskarsa ba, ya yarda da abin da yake faɗa. Na ce ƙasar ta gaji amma ita ce kaɗai ake iya zuwa, in aka cika ta da abin da ba a ci, me za a ci? Ya ce za a sayi hatsi da abin da aka samu. Game da ɗorawa kuwa ya ce su da mai gona suka yi magana, abin da ke tsakanin wa da ƙanwa mu je mu sasanta a gida. Na sauko daga benen raina ya fi ɓaci, don ban sami wanda zan zaga ba.

Kafin in sake zuwa gida an sare gawon. Masu injin yankan itace suka zo suka kwantar da su, aka kwashe gungumen aka bar rassan a zube, masu ƙaya, suna bushewa a rana. Gonar ta zama tsirara, ana hango ta tun daga masallacin idi. Ɗorawan Inna kaɗai suka rage a tsaye, sun yi jajayen furanni sun zubar, 'ya'yan sun fara tsawo. Inna ta ce rabon da su yi haihuwa irin ta bana ta manta. Kullum da safe sai ta yafa mayafi ta tafi ta zauna a gindinsu da carbinta, don tana tsoron kada masu injin su dawo tana gida. Mace mai jikoki ta koma gadin itace a gonar yayanta. Abinci ma a can ake kai mata.

Mutane suka fara magana, har ta kai ga maigari. Ya kira su biyun a zaurensa, ya kira wani tsoho da ya halarci rabon gadon. Ni ma na je, na tsaya daga bakin ƙofa tare da mata. Tsohon ya ce shi shaida ne, ɗorawa ta mace ce, ƙasa ta namiji. Kawu ya ce bai musa ba, amma yunwa ce ta kore shi, kuma mai ƙasa yana da ikon shuka abin da ya ga dama. Maigari ya ce gaskiya ne, yana da iko, amma ikonsa ya tsaya a gindin itacen da ba nasa ba. Ya yanke cewa Kawu ya dasa abinsa, ɗorawa kuma ba za a sa musu gatari ko inji ba, tarakta ta kewaye su. Sannan ya juya ga Inna ya ce ta yi musu alama yadda baƙo zai gani, don mai tuƙa tarakta ba ɗan gari ba ne.

Kawu ya ce ya ji ya karɓa. A hanyar fita ya wuce ta gaban Inna, ta gaishe shi, ya amsa ba tare da ya dube ta ba. Duk da haka na koma Gusau da sanyin zuciya, ina cewa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Alamar da muka sani a garinmu ita ce ƙaya. In ɗorawa ta fara nuna, mai ita yakan ɗaura 'yan rassan ƙaya a jikinta, yara su kasa hawa, manya kuma su san tana da mai ita. Inna ta ga wannan ya yi wa tarakta kaɗan. An gaya mata garmar tarakta tana nutsewa ta tsinke saiwa, don haka ba ta so ta matso ko kusa. Ga kuma rassan gawo a zube ko'ina, busassu, cike da ƙaya. Sai ta shiga jan su ɗaya bayan ɗaya, tana tarawa a gindin kowace ɗorawa. Ta toshe kafofin da karan dawa. Ta yi ta yi har tarin ya fi ta tsawo, ya kuma yi faɗi yadda babu ƙarfen da zai kai ga saiwa. Da na zo na ga hannayenta duk sun tsage, na yi faɗa na ce me ya hana ta kira a taya ta. Ta ce gadonta ne, ita za ta tsare shi. Ranar na ga ta ci tuwo da yawa, kuma daga ranar ta daina zuwa gadi.

Babu wanda ya ga aibin abin, har da ni. Mun wuce ta wurin, maƙwabta sun wuce, kowa ya ce yanzu kam ko giwa ba ta isa ba.

Amma bazara ce, lokacin sassabe. Duk wanda ya tashi a ƙauyen ƙasar nan ya san aikin: a sare tsirrai, a tattara kara da ƙaya a yi tsibi, a cinna wuta kafin ruwa ya sauka. Tsibin busasshen itace a tsakiyar gona a wannan lokaci ma'anarsa ɗaya ce, ba sai an gaya maka ba. Kawu ya ɗauki 'yan ƙwadago su share masa gona kafin tarakta ta iso. Ba 'yan garinmu ba ne, mutanen ƙauyukan wajen Magami ne da rashin zaman lafiya ya koro, suna kwana a makarantar firamare suna neman aikin yini. Ba su san Inna ba, ba su san an je gaban maigari ba. Kawu ya nuna musu gonar da sassafe, ya hau bayan babur ɗin ɗansa suka tafi Tsafe karɓo dashe.

Ina cikin aji wajen azahar wayata ta yi ta ƙara. Wata maƙwabciyarmu ce. Ta ce in taho, wuta ta kama ɗorawan Inna.

Ban san yadda na bar makarantar ba. A tasha motar Bungudu ta ƙi cika, na zauna ina jin kamar in sauka in tafi da ƙafa. Direba yana ta ciniki da mai buhunan albasa, na yi masa tatas har fasinjoji suka ba ni haƙuri. Daga Bungudu na hau babur. Tun kafin mu kai gari na hango hayaƙi a bayan gari, ba mai yawa ba, siriri, irin na wutar da ta gama cin abin da za ta ci.

Mutane sun taru a gonar da bokitai da tuluna, amma rijiya tana da nisa, gawo busasshe kuma in ya kama ba ya jin ruwan tulu. Ɗorawan suna nan a tsaye. Daga ƙasa har sama da tsayin mutum biyu sun zama baƙi ƙirin, ɓawon ya tsage yana ɗagowa. Ganyen ƙasa ya ƙone, na sama ya yanƙwane. 'Ya'yan da suka kusa isa kaɗa suna ta faɗowa cikin toka. Amyar maƙwabcinmu ta faɗo ta fashe, ƙudan zuma suna ta yawo a kanmu babu inda za su koma. Inna tana zaune a ƙasa, mayafinta ya ƙone a gefe ɗaya, tafin hannunta ya tashi. An ce da hannu ta riƙa jan rassan da ke ci, sai da aka riƙe ta.

Na nufi 'yan ƙwadagon da niyyar in ci mutuncinsu. Suna tsugune a gefe, sun haɗa kai. Babbansu, dattijo mai furfura, ya tashi ya cire hularsa.

"Hajiya, wallahi tsibi munka gani. Mai gona ya ce mu share mu ƙone, mun ɗauka shi ya tara muna. Har muna cewa ya rage muna aiki."

Na tambaye shi bai ga itace ne mai rai a tsakiya ba? Ya ce ya gani, amma ya ga kututturan gawo ko'ina, sai ya ɗauka waɗannan ma mai gona so yake su mutu, don haka ake kashe babban itacen da ba a son sarewa. Ya ce shi ma ya baro ɗorawa biyu a garinsu, bai san wanda ke shan su ba yanzu. Mutumin da ya gudo da rigar jikinsa, me zan ce masa?

Wajen la'asar Kawu ya iso, a bayan wata a-kori-kura cike da dashe a ƙananan ledoji. Ya sauko ya tsaya yana kallon itatuwan. Ni ce na tare shi, kuma ban rage murya ba. Na ce maigari ya hana gatari ya hana inji, shi ne ya nemo wuta. Na ce ya san tarin nan na Inna ne, ya san lokacin sassabe ne, ya zaɓi baƙi, ya zaɓi ranar da ba ya gari. Taubashina ya shiga tsakani ya ce in ji tsoron Allah, na ce shi ya fara jinsa, shi da ya jawo mana wannan masifa. Kawu ya rantse bai ce a ƙone su ba. Ya ce hankalinsa na kan dashe da motar da za ta ɗauko, bai zo masa a rai ya ce musu ban da waɗancan ba.

Har yau ban san gaskiyar abin ba. Wani lokaci in na tuna fuskarsa a ranar sai in ce mantuwa ce. Wani lokaci kuma in tuna mutum ne da ya yi sassabe tun kafin a haife ni, ya kuma ga tarin nan da safen da idonsa. Mai yiwuwa shi kansa bai san wanne ne ba.

Ya je ya tsuguna a gaban Inna. Ya ce, "Auta, ki yahe mani."

Ta dubi tokar. Sannan ta ce, "Ni na tara itacen, Yaya. Da hannuna."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta nemi a ba ta kwando, ta shiga tsintar 'ya'yan da wuta ba ta cinye ba. Washegari ta sa aka kaɗo na can sama. Aka sami kalwa kaɗan, ba ta kai ko rabin abin da itace ɗaya ke bayarwa ba. Ta shanya ta, ta ɗaure a buhu, ta ajiye a ƙarƙashin gado. Ta kuma ɗebo tokar gindin itatuwan a wata tsohuwar tukunya.

Daga nan sai jira. Tsofaffi suka ce ɗorawa tana da taurin rai, in ruwa ya sauka tana iya tohowa. Tarakta ta zo ta yi huɗa, ta kewaye itatuwan kamar yadda maigari ya ce. Aka dasa bini da zugu layi-layi. Ruwa ya sauka, gari ya yi kore, dashen ya kama. Inna ta koma zuwa gona kullum, tana kewaya kowane itace tana ɗaga kai. Duk sanda na kira ta a waya ba na iya tambaya kai tsaye, sai in ce ya gona, ta ce tana nan. Ɗaya daga cikin ɗorawan, ta gabas, ta fitar da ganye a reshe guda, Inna ta kira ni da kanta tana murna. Kafin tsakiyar damina ganyen ya bushe. Ɓawon duka ukun ya riƙa zubowa falle-falle, gara ta shiga.

Da kaka, lokacin da maƙwabta ke ɗaure dammunan gero, gonar Kawu ba ta da abin kaiwa rumbu, don bini da zugu ba ya haihuwar kirki a shekarar farko. Awo yake yi a kasuwa kamar ɗan birni. Ba na shiga gidansa, ni da taubashina kuma in mun haɗu sai gaisuwa, irin ta mutanen da ba su da wasa a tsakaninsu.

A lokacin ne Inna ta ciro buhun daga ƙarƙashin gado. Ta dafa kalwar, ta surfa ta da tokar da ta ɗebo, ta rufe ta da ganye. Da ta nuna, gidan ya ɗauki warin da na tashi a cikinsa, sai na ji hawaye ya zo mini. Ta zaɓi mafi kyau ta jera a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta miƙo mini. Na ce wallahi ba zan kai ba, mutumin da ya raba ta da gadonta ba shi da haƙƙin komai. Ta ce itatuwan a ƙasarsa suka haifi waɗannan 'ya'yan, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ce in ban kai ba za ta kai da kanta. Na karɓa.

Na same shi a zaure shi kaɗai. Na gaishe shi a taƙaice, na ajiye ƙwaryar a gabansa. Ya ɗaga faifan, ya ga abin da ke ciki, ya mayar ya rufe.

"Mi ta ce?"

"Ta ce ga haƙƙin ƙasa."

"Shi ke nan?"

"Ta ce na bana ne. Baɗi ba ta da abin kawowa."

Ya sunkuyar da kai. Na tsaya ina jiran ya ce wani abu da zai ba ni damar ƙara yi masa faɗa, bai ce ba. Na ga ruwa yana ɗiga a kan faifan. Na zo da fushi cike da ciki, sai na rasa inda zan sa shi, na juya na fita ban ko karɓi ƙwaryar ba.

Da rani aka sare itatuwan, tunda sun bushe. Kawu ya sa aka faskara aka kawo wa Inna itacen har ƙofar gida, ta ce a raba wa maƙwabta, ita ba za ta iya girki da shi ba.

Bazarar da ta biyo baya Inna ta shiga mota ta tafi kasuwar Tsafe ta auno kalwa a hannun 'yan kasuwa, tana taɓawa tana shinshinawa, tana cewa ba ta san itacen da ya haife ta ba. Ta dawo ta yi daddawa, don ba ta da wata sana'ar. Ina gida ranar da ta nuna. Ta jera ta a babban tire, ni kuma na tashi na ɗauko mayafina ba tare da na yi tunani ba, na tsaya ina jiran ta miƙo mini ta gidan Kawu. Ta dube ni, ta dubi mayafin. Sai ta rufe tiren duka, ta aza a ka, ta ce in ja mata ƙofa, za ta kasuwa.